Ranar da Hajara Ta Janye Hannu

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen daminar 1956, aka kaɗa mana ƙararrawar fita tara, muka kwasa a guje zuwa gindin mangwaron da ke bayan ajinmu, inda 'yan mata ke yin gaɗa. Shekarata goma a lokacin, ina aji uku a wata makarantar firamare da ke gefen Kurmin Mashi. An yi yayyafi da asuba, rana ta fito ta shanye shi, jar ƙasar filin ta ƙame ta yi tauri kamar daɓe. Muka ja layi muka lanƙwasa shi, muna tafi muna waƙa, ɗaya ta fito tsakiya ta taka, ta juya baya ta saki jiki ta faɗo, mu kuma mu cafe ta mu cilla ta gaba. Ƙa'idar wasan ke nan, mai faɗowa ba ta waiwaye, domin ta san akwai hannuwa a bayanta. Wadda ta fi kowa ƙarfi ita ke tsayawa a tsakiyar layi, ita ke ɗaukar nauyin, sauran tallafi kawai suke yi. A ajinmu wannan gurbi na Hajara ne, 'yar wani mai gyaran keke, wadda ta girme ni da shekara biyu, doguwa mai faɗin kafaɗa. Da layi ya zo kaina na fito na yi rawata, na juya, na saki jikina gaba ɗaya kamar yadda na saba. Ban ji hannu ba. Iska kawai na ji, sai na miƙa hannun hagu baya don in tare, ya sauka a kan wata saiwar mangwaro da ta fito waje. Ƙarar da na ji irin ta busasshen kara ce idan aka taka shi.

Kafin wannan rana babu wata gaba tsakanina da Hajara sai ta kwalba. Za a yi wasannin makarantu a babban fili ranar Asabar ɗin makon, kuma kowace makaranta za ta ba da yarinya ɗaya a tseren kwalba a ka. Ana cika kwalba da ruwa a ɗora wa yarinya ba gammo, ta yi sauri har ƙarshen fili ba tare da ta taɓa ta da hannu ba. Ni kuwa tun ina 'yar shekara shida nake ɗebo wa gidanmu ruwa daga famfon bakin titi, sau huɗu kafin in tafi makaranta, ina tafe ina cin gyaɗa tulu na kaina bai motsa ba. Sau uku aka gwada mu, sau uku ina shiga gaban Hajara, wadda ita ta wakilci makaranta bara. Ranar Litinin malamarmu, Malama Saratu, ta kira sunana a gaban aji ta ce ni zan je. Ranar Laraba hannuna ya karye.

Abin da aka yi wa hannun nan daga baya ya kusa fin faɗuwar kanta muni. Malama Saratu ta zo a guje, ta duba ta ce targaɗe ne, ta sa manyan 'yan mata biyu suka riƙe ni, ta kama yatsuna ta finciko da ƙarfinta wai don ƙashi ya koma mazauninsa. Na yi ihun da har 'yan aji bakwai suka leƙo ta taga. Da aka kai ni gida Baba yana ofis, shi akawu ne a ɗaya daga ofisoshin gwamnati, ba ya dawowa sai bayan azahar. Kakata Iya, mahaifiyarsa, ita ke da iko da gida idan ba ya nan. Ta sa Inna, mahaifiyata, ta dafa ruwa, ta tsoma tsumma tana gasa mini wurin tana murzawa da man kaɗanya, ina birgima a tabarma tana cewa, "Yi haƙuri, Rakiya, zafin nan shi ne maganin." Da ta ga hannun sai ƙara hawa yake yi, ta aika aka kira wani maɗori da ke bayan kasuwa. Ya zo da 'yan karare da ya fere, ya yi tofi, ya jera su kewaye da hannun, ya naɗe da tsumma ya ɗaure da igiya tamau, ya ce kada a kwance sai bayan kwana ashirin. Baba ya dawo ya tarar an gama. Ya tsaya a ƙofar ɗaki da hularsa a hannu, sannan ya juya ya fita, don ba ya musu da Iya a gaban mutane.

Kwana biyu na yi da ɗaurin nan. Da safiyar Juma'a Baba ya shirya zai fita, ya leƙo ya duba ni, sai ya ga yatsuna sun kumbura sun yi baƙi-baƙi kamar ɗinya. Ya taɓa su ya ji sanyi, ya ce in motsa, na kasa. Bai nemi shawarar kowa ba, ya ɗauko rezar askinsa ya datse igiyar.

Iya ta fito daga madafa tana salati. "Kai, me kake yi haka? Ɗorin mutane za ka ɓata?"

Ya ce, "Iya, ki gafarce ni. Yau kam asibiti za mu."

Ya ɗora ni a kan kekensa, ya tura da ƙafa har cikin gari saboda kada gargada ta girgiza ni. A asibiti aka ɗauki hoton hannun, aka ga ƙashi ya karye dab da gwiwar hannu, fincikar da aka yi kuma ta gusar da shi. Wani dattijon malamin asibiti mai furfura a gemu shi ya naɗa mini siminti bayan likita ya gyara. Yana naɗawa yana yi wa Baba faɗa a hankali, ni kuma ina haddacewa. Ya ce yaro in ya faɗi wurin wasa, ba a jan gaɓar, ba a murza ta, ba a gasa ta da ruwan zafi, a tallafe ta yadda take a kawo shi. Ya ce da an ƙara kwana ɗaya da ɗaurin nan, da sai dai a yi maganar yanke hannu. Sannan ya ƙara da wata magana da ban san za ta yi mini amfani ba: "Hannu ma da sauƙi, Malam. Wanda ya bugu a ka ya tashi yana amai ko yana jin barci, shi ne ba a jira da shi ko na awa ɗaya."

Ranar Asabar ina kwance ina jin ƙarar gangar 'yan makaranta suna wucewa zuwa fili. Hajara ce ta tafi a madadina, ta kuma zo ta ɗaya, aka ba ta kallabi mai ruwan ganye da sabulu mai ƙamshi. Da yamma ƙawata Talatu, wadda ke tsaye kusa da ita ranar da na faɗi, ta zo ta zauna a bakin tabarmata ta rantse mini cewa da idonta ta ga Hajara ta mai da hannuwanta baya ta harɗe su a daidai lokacin da na saki jiki. Ban gama yarda ba sai washegari, da Hajara da mahaifiyarta suka zo dubiya da ƙwaryar fura. Kallabin ne a kanta. Manya suna gaisawa a tsakar gida, ta durƙusa kusa da ni kamar mai jaje, ta ƙwanƙwasa simintin da farce, ta ce ƙasa-ƙasa, "Kin san ko sau ɗaya kwalbar ba ta girgiza ba?" Ta yi murmushi. A nan na ƙulla abin da na ƙulla.

Mako shida na yi da siminti, kuma babu ranar da ban yi tunanin Hajara ba. An ɗauke mini ɗiban ruwa da daka, aka bar ni da tsince shinkafa da korar kaji daga shanyar dawa, aikin da ke barin zuciya ta yi ta saƙa. Cikin simintin ya yi ta ƙaiƙayi, ina zura tsinken tsintsiya ina sosawa, ina lissafa abin da zan yi mata. Na yi tunanin in zuba mata ƙaiƙayi a benci, na yi tunanin in ɓare mata tawada a littafi, na yi tunanin in jefa kallabin a masai. Duk na ga sun yi ƙanƙanta. Da aka fasa simintin hannun ya fito siriri, fatar ta yi fari tana saɓa, ya ƙi miƙewa sosai, har yau kuma bai miƙe ba. Na dube shi na ce a raina hannu aka karya mini, hannu zan karya. Iya ta lura da shirun da na koma yi. Takan dube ni ta gefen ido tana kaɗa mazari ta ce, "Wannan yarinya akwai abin da take dafawa a cikinta, kuma ba ta sa masa gishiri ba."

Da na koma makaranta ban nuna wa Hajara komai ba. Ni na fara gaishe ta. Na riƙa raba ƙosaina biyu in ba ta rabi, ina yi mata lissafin da ya gagare ta, ranar Lahadi in je gidansu in tsefe mata kai muna hira a bayan tulin tayoyin keken babanta. Da farko tana ɗari-ɗari da ni, tana kallon hannuna in na miƙa mata abu. Bayan wata biyu ta saki jiki, har ta ara mini kallabin na ɗaura ranar sunan ƙanena. Malamin asibiti ya ce in riƙa motsa hannun kullum don ya yi ƙarfi, ni kuwa na yi fiye da abin da ya ce. Na koma ɗiban ruwa, na roƙi Inna ta bar mini daka, ina ɗaga taɓarya da hannun da ya karye har hawaye ya zubo. Kowa a gida yana yaba ƙoƙarina, ba wanda ya san gurbin tsakiyar layin gaɗa nake nema. Kafin rani ya ƙare na same shi. Idan Hajara ta fito rawa, ni ke tsayawa a bayanta, kuma na yi makonni ina cafe ta cikin aminci, ina cilla ta sama fiye da yadda kowa ke iyawa, har ta kai in ba ni ce a tsakiya ba ba ta fitowa. Takan ce, "Ina Rakiya? Ita ce ba ta kayar da mutum."

Talatu kaɗai na gaya wa, don ita ke tsayawa a damana, kuma ba na son hannunta ya tare abin da nawa ya saki. Ta ji tsoro, na tuna mata da yatsuna da ta gani sun yi baƙi, ta yarda.

Ranar da na zaɓa ta faɗo a farkon damina ta gaba, wata takwas bayan faɗuwata. Ni na ja layin da kaina zuwa gindin mangwaron, na daidaita shi yadda saiwar nan za ta kasance a bayan mai rawa. Hajara ta fito tana taku, tana juya kafaɗa, tafi ya yi zafi. Ta juya mana baya. Na ga ƙeyarta da kitson da ni na yi mata shekaranjiya. Ta buɗe hannuwa ta saki jiki, ni kuma na mai da nawa baya na harɗe su, daidai yadda aka ba ni labarin ta yi.

A duk lissafin da na yi na wata takwas, na ɗauka za ta miƙa hannu ta tare kamar yadda na yi. Ba ta miƙa ba. Ta yarda da ni har ba ta ga dalilin tarewa ba. Ƙeyarta ce ta fara sauka a kan saiwar, da wata ƙara marar amo kamar an yar da kabewa. Tafi ya tsaya cak. Ba zan yi wa kaina ƙarya da tsufana ba, abin da na fara ji daɗi ne, wani sanyi ya ratsa ƙirjina kamar na sha ruwan randa bayan doguwar tafiya. Ta ɗan jima kwance idonta a rufe, sannan ta buɗe, ta tashi zaune tana dariyar da ba ta da dalili. 'Yan mata suka kewaye ta suna kakkaɓe mata riga, suna cewa kada a gaya wa Malama, don tun karayata aka yi mana kashedi cewa in aka sake jin rauni za a hana gaɗa. Aka yayyafa mata ruwa, aka riƙo ta zuwa aji. A hanya ta tambaye mu ko an kaɗa ƙararrawa, muka ce an kaɗa. Muka yi taku biyar ta sake tambaya. A bakin ƙofa ta yi amai, Talatu ta tura ƙasa da ƙafa ta rufe.

A aji ta kifa kai a kan tebur. Ina zaune a bayanta ina kallon wani siririn jini yana fitowa daga kunnenta na hagu yana bin wuyanta. Maganar dattijon asibitin nan ta dawo mini tiryan-tiryan. Na san abin da barcin nan yake nufi, kuma a ajin nan kaf ni kaɗai na sani. Na daɗe ina kallonta, Malama tana rubutu a allo. Mutane sun yi ta cewa tausayi ne ya tashe ni, amma ba shi ba ne. Abin da ya zo mini shi ne, in Hajara ta mutu yanzu, za ta tafi ba ta san ni ce ba, ba ta san don me ba. Na miƙe na ce, "Malama, Hajara ta faɗi da ka, ta yi amai, ga jini a kunnenta. Kada a bar ta ta yi barci a nan, a kai ta asibiti yanzu." Malama ta nufo ta za ta girgiza ta, na daka mata tsawar da ban taɓa yi wa babba ba: "Kada ki ja ta!" Ta tsaya tana kallona, sannan ta aika a kira hedimasta. A kan ƙyauren aji aka kwantar da ita, aka tsayar da wata motar itace a bakin titi aka tafi da ita.

Kwana goma sha tara ta yi a asibiti. Ta rayu, amma kunnen hagu ya tafi, kuma ranar gaba ɗayanta ta goge daga kanta. Ba ta tuna gaɗar ba, ba ta tuna wanda ke bayanta ba, abin da ta iya tunawa na ƙarshe shi ne kokon da ta sha da safe. Sauran 'yan mata kowacce ta ce ita ba ta ga komai ba, santsi ne. Mahaifiyar Hajara ta zo gidanmu da kwanon dubulan tana kuka tana sa mini albarka, ta ce likita ya ce da an bar ta har a tashi makaranta da ba a same ta ba. Baba ya dafa kaina yana alfahari. Iya kuwa ba ta taɓa dubulan ɗin ba. Bayan baƙuwa ta tafi ta kira ni ɗakinta, ta kama hannuna na hagu ta juya shi, ta ce, "Ke ce a tsakiyar layi, ko?" Na ce ni ce. Ta ce, "To, kin ƙoshi?" Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya.

Ban ƙoshi ba, shi ya sa na tafi gidansu Hajara ranar da aka sallamo ta. Na same ta a kan tabarma a inuwar zaure, an aske mata rabin kai, ta rame, idanunta sun yi zuru-zuru. Ta ga ni ta washe baki ta matsa mini wuri. Na durƙusa kusa da ita yadda ta taɓa durƙusawa kusa da ni, na kai bakina kunnenta, na faɗi maganar da na yi kwana goma sha tara ina gyarawa: "Ni na janye hannu, kamar yadda kika janye naki."

Ba ta motsa ba. Can ta juyo tana murmushi ta ce, "Magana kike? Zagayo ta nan, wannan kunnen ya mutu."

Na zagaya. Na dubi tabon ɗinkin da ke ƙeyarta, na dubi hannunta da ta ɗora a kan gwiwata. Na ce, "Cewa na yi Allah ya ƙara sauƙi."

Ta ce, "Amin, ƙawata."

Hedimasta ya sa aka sare saiwar, aka zuba yashin kogi a gindin mangwaron, aka ce daga yau ba a gaɗa sai a kan yashi kuma sai da babba a tsaye. Hajara ba ta sake shiga ba, don jiri yakan ɗebe ta in ta juya da sauri, tseren kwalba ma ya fi ƙarfinta. Ni na wakilci makaranta a shekarar, na zo ta biyu. Kafin mu gama aji biyar babanta ya kwashe iyalinsa suka koma Gusau, ban sake jin ɗuriyarta ba.

Yanzu jikokina suna wata makaranta a Unguwar Rimi mai katanga da mai gadi. An shimfiɗa musu abu mai laushi a ƙarƙashin lilo, akwai akwatin magani a ofis, yaro ko ƙujewa ya yi sai an buga wa uwarsa waya. In za su hau keke a tsakar gida sai an sa musu hular kwano da abin kare gwiwa, su fito kamar masu shirin yaƙi. Nakan yi musu dariya, amma ranar da ƙaramar ta faɗo daga kan tsani mai aikinmu ta kama hannunta za ta ja, muryata har maƙwabta sai da suka ji. Sun fi mu tsira da gaɓoɓinsu, wannan babu musu. Sai dai ban taɓa jin tafin 'yan mata ashirin ya tashi lokaci ɗaya a unguwar nan ba, kuma babu ɗaya cikin jikokina da ta san yadda ake juya baya a saki jiki don an yarda da ƙawaye. Filin namu ma shaguna ne yanzu, na wuce a Keke Napep na kasa gane inda mangwaron yake. Wani lokaci in na ga tsohuwa a asibiti ko gidan biki tana karkato kai don ta ji magana da kunnen dama, sai in tsaya ina ƙare mata kallo. Iya ta rasu, Talatu ma ta rasu. Na rama ɗin, amma ni kaɗai na rage da na sani.